Matmurar Matata

Mu a nan gefen Gadarif, a ƙasar Sudan, ba a rumbu muke ajiye dawa ba, binne ta muke yi. A haƙa rami mai zurfi, a shimfiɗa ƙaiƙayi, a zuba hatsi, a rufe da ƙaiƙayi da kara, sannan a mai da ƙasa a daddale. Matmura ake ce wa ramin. In an yi ta da kyau sai dawa ta shekara biyu ko uku ba abin da ya same ta, muddin ruwa bai sami hanya ba. Ina da tawa a bayan gida, kowa ya san wurin, har awaki. Matata ma tana da tata, a cikin gonar da ta gada wajen mahaifinta, can ta hanyar Doka. Wannan kam har ta rasu ban san inda take ba.

Asalin abin wani bunsuru ne. Muna sabon aure na yi baƙi daga Faw, abokan aikin yankan riɗi, sai na kama bunsurun da na gani ɗaure a tsakar gida na sa masa wuƙa. Nata ne, da shi ta zo. Ta dafa, baƙi suka ci suka sa albarka. Washegari sai ga saƙon liman wai yana son ganina. Na je na tarar da ita zaune a gefe ta rufe fuska da mayafi, sai ka ce ba ita ta kawo ƙara ba. Liman ya ce aure bai mai da dukiyar mace ta miji ba, ni ke da nauyin ciyarwa, abin hannunta kuwa nata ne, in ta ba ni alheri ne, in ta hana ba ta yi laifi ba. Na biya bunsuru. Har yau ina nan a kan bakana, wanda na biya ya fi wanda na yanka, don nata ƙashi ne da wari kawai.

Daga nan muka zauna a haka, kuma zaman ya yi daɗi. Ita tana matsar man gyaɗa tana soya ƙuli-ƙuli, in ina so in saya kamar kowa. Maƙwabtanmu Larabawa suna mamakin wannan, wai ta yaya mutum zai sayi abu a hannun matarsa. Ni dariya nake musu, don nasu matan ma suna da abin da suke ɓoyewa, ba su dai sani ba ne. Ita ma ba ta taɓa sa min hannu a nawa ba. Shekarar da na sayar da jakina na shiga haɗin gwiwar wata tsohuwar tarakta da ba ta taɓa ƙare kwana guda tana aiki ba, ta dube ni ta ce, "Jakinka ne, Malam." Shi ke nan abin da ta ce, amma na fi wata ina jin sa.

Lokacin girbinta ni ina Simsim a gonakin manya, ba na dawowa sai an gama riɗi da dawa. Ita ke ɗaukar leburori 'yan ci-rani su yi mata sussuka, su zuba mata a rami, su rufe, su kama hanyar ƙasarsu. In na dawo na kan tsokane ta in ce, "Hajiya mai matmura, bana buhu nawa aka binne?" Sai ta ce, "Naka ya ƙare ne?" In ce a'a. Ta ce, "To, ci naka." Wasa ne. Ban taɓa tsayawa na tambaye ta da gaske ba, don a ganina abin da ya sa muke zaman lafiya ke nan.

Sai yaƙi ya zo. Bai iso ƙofarmu ba, amma ya turo mana mutane. Ƙanwata ta taho daga Madani da 'ya'yanta, ba miji, ba kaya, sai abin da ke jikinsu. Aikin da nake zuwa a gonakin manya ya tsaya. Muka buɗe matmurata tun kafin lokacinta, baki ya yi mata yawa, kullum ƙasa take yi. Matata ta ce in tawa ta ƙare za ta buɗe tata, kada in damu. Ana cikin haka amai da gudawa ya shigo unguwa. Da safe matata tana tankaɗe, da la'asar mun ɗora ta a amalanken jaki zuwa asibiti, kafin azahar ɗin washegari mun dawo daga maƙabarta.

Ban yi kuka ba. Mutane suna ta cewa na yi tawakkali, ni kuwa ba tawakkali ba ne, ban dai ji komai ba. Ana miƙo min hannu ina miƙawa, ana cewa Allah ya jiƙanta ina cewa amin. Na kan zauna a ƙarƙashin rumfa in dubi turminta, in ce a raina wannan turmi ne. In aka kawo abinci in ci, in ba a kawo ba ba na tambaya. Da aka watse daga zaman makoki ƙanwata ta zo ta durƙusa ta ce, "Yaya, abin da ya rage a ramin ba zai kai mu damina ba." Na ce na ji.

A gidan akwai surukata, mahaifiyar marigayiya. Ta daɗe tare da mu, ɗakinta na can ƙarshen gida, yara suna ce mata Haboba, wato kaka da Larabcin nan. Tun da na auri 'yarta ba mu taɓa haɗa ido ba. In zan wuce ƙofarta na kan cire takalmi, in durƙusa daga nesa in ce, "Inna, an tashi lafiya?" ta amsa ta bayan labule. In da wata magana, matata ke kaiwa ta kawo. Yanzu mai kaiwa da kawowa ba ta nan.

Na tambayi yarana ko sun san wurin matmurar uwarsu, suka ce a'a, lokacin sussuka suna makaranta. Ƙanwata baƙuwa ce, ba ta ma san hanyar gonar ba. Saura mutum ɗaya, wadda take bin 'yarta gona duk kaka tana taya ta sheƙa. Na san da wuya a ce ba ta sani ba. Amma ku duba min: ƙasar kabari ba ta bushe ba, in aika yaro wajen tsohuwa a ce wai Baba yana tambayar ina dawar 'yarki? Mutumin da aka taɓa kai wa liman a kan bunsuru? Bakina ya ƙi. Na ce gona ce dai, ba daji ba, zan nemo da kaina.

Na sami wani dogon ƙarfe wajen mai walda, ya fiƙe min bakinsa. Kullum bayan sallar asuba in saɓa shi a kafaɗa in fita. Hanyar fita kuwa ta gaban ɗakin Inna take. In cire takalmi, in durƙusa da ƙarfena, in gaishe ta, ta amsa, in wuce.

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane wahalar ba. Baƙar laka ce, da rani ta kan tsage har ƙafar jaki ta faɗa. In ka caka ƙarfe, wani wuri ya ƙi shiga, wani wuri ya zurma har rabi don ya faɗa cikin tsaga. Ta yaya za ka bambanta tsaga da rami? Na bi gonar layi-layi kamar mai shuka. Na caka gindin kowace bishiya, na caka duk inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Wurin da ya zurma in tona da hannu, in ga ba komai, in ci gaba. Daga baya ma na daina tonawa, sai caka kawai. Gaskiya ba na jin ina neman wani abu a lokacin. Ina dai son in kasance inda ba mai yi min gaisuwa. Rana ta take, in zauna a inuwar wata aduwa da ke kusurwar gonar in sha ruwa, in tashi.

A gida kuwa ƙanwata ta fara sirka kunu da ruwa. Tuwo ya koma sau ɗaya. Ƙaramar 'yata ta daina cewa a ƙara mata, wannan na lura da shi. Liman ya tare ni a hanya ya ce ya kamata a raba gadon marigayiya, haƙƙin marayu ne da na mahaifiyarta. Na ce in an ga abin rabawa za a raba. Ya dubi ƙarfen da ke kafaɗata, ya wuce.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ta wajen Habasha. Duk wanda ya gan shi murna yake, ni kuwa na san in laka ta sha ruwa ba mai shiga gonar nan sai da kaka, mu kuwa ba za mu kai kaka ba. Ruwan farko ya sauka wata ranar da yamma, mai ƙarfi, ya kwana yana yi, ya ƙara da safe. Kwana biyu ban fita ba. Rana ta uku na ɗauki ƙarfena, ban san me zan yi da shi a cikin taɓo ba, hannuna ne dai ya saba. Na cire takalmi a ƙofar Inna na durƙusa. Sai na ga labule ya ɗaga.

Ta tsufa fiye da yadda nake zato. Shekara da shekaru muna gida ɗaya, ashe ban san fuskarta sosai ba. Ta ce, "Uban yara, ajiye ƙarfen nan." Na ajiye. Ta ce, "Gindin aduwa, ta gefen da rana ke faɗuwa. Ka tafi da mutane da buhuna."

Na ce, "Inna, ashe kin sani."

Ta ce, "Na sani. Kullum ina ganinka kana fita. Na ce in na fara magana za a ce tsohuwa rabonta take nema a dawar 'yarta. Na yi ta jira ka aiko." Sannan ta ce, "Ita ma ta jira. Ta sha ce min, ranar da Malam ya tambaye ni tsakani da Allah, ba da wasa ba, zan kama hannunsa in kai shi. Ta ce ba ka taɓa tambaya ba."

Na ce, "Nata ne, Inna."

Ta ce, "Nata ne. Shi ya sa take so ita ta nuna maka." Ta saki labule.

Muka tafi da maƙwabta biyu da amalanken ɗayansu, jakin yana nutsewa muna turawa. Gindin aduwar nan dai da nake zama kullum in sha ruwa. Da muka kwashe lakar sama sai ga ramukan ƙarfena, ba ɗaya ba, ba biyu ba, sun huda karan sun huda ƙaiƙayin. Na caka wurin bayan na daina tonawa, ya zurma, na ɗauka tsaga ce. Ta nan ruwan ya bi. Dawar sama ta kumbura ta yi baƙi, tana wari mai tsami, wata har ta fara tsiro. Muka yi ta kwasa muna zubarwa. Ɗaya daga cikin maƙwabtan yana ta salati. Ni ina kwasa ne kawai. Sai da muka zubar da abin da zai ciyar da gidan wata guda ko fiye, sannan muka iso ga mai kyau, busasshiya, ja, irin wadda take so don kunu.

Liman ya zo tsakar gida aka auna a gabansa. Ya fitar wa Inna sudusinta, ya fitar min rubu'i, sauran na yara. Inna ta aiko da nata wajen ƙanwata ta ce a haɗa a tukunya. Da na yaran da nata muka ci har sabuwar dawa ta nuna, ba wanda ya kwana da yunwa a gidan. Ƙaramar ta koma cewa a ƙara mata.

Nawa rabon na zuba a buhunta, mai ɗinkin jan zare a baki, na jingine a ɗakina. Liman ya ce halalina ne, ba mai ja da wannan. Na san haka. Amma duk lokacin da na kai hannu sai in ji kamar ya kamata in fara tambaya, wadda zan tambaya kuwa ba ta nan. Ya zauna har ƙwari suka fara shiga, ƙanwata ta ce in ba zan ci ba in bari a niƙa wa yara.

Na ɗauka da kaina na kai injin niƙa. Mai injin ya san buhun kowane gida a unguwar, amma sabon ma'aikacinsa ne a bakin ƙofa, mutumin Sinnar, shi ma yaƙi ya kawo shi. Ya karɓa ya ɗora a layi, ya ce, "Ta wa za a ce, Baba?"

Na ce ta matata ce. Ya ce to, in ta aiko da la'asar za ta samu.