Ranar da Kwamfuta Ta Tsaya da Muryar Kofur a Ciki

Kwamfutar shagonmu ta tsaya cak da muryar mamaci a cikinta, muka kasa fitar da ita. Ranar ba ta bar kaina ba har yau, shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka shigo sana'ar bayana.

Ban yi makaranta ba. Soja na yi, na dawo Zuru da ƙarfe a cinya. Gyaran waya da ido na koya, a shagon Oga Sani, inda ake tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai a katin ajiya na waya. Akwai babbar kwamfuta guda a lungu, ita ke riƙe da komai, ƙananan kwamfutocin da ke gaban shago daga gare ta suke ɗiba. Wanda ya haɗa ta wani injiniya ne, Nura, yana zaune a Birnin Kebbi.

Oga Sani ya daɗe yana ƙorafin cewa ranar kasuwa layi na yin tsawo. Injiniya ya zo ya taɓa wani abu, ya koma. Kwamfuta ta yi sauri, kowa ya ji daɗi.

Satin da ya biyo baya, ranar kasuwa da hantsi, wata mata ta shigo. Rahila, daga Dabai. Mijinta kofur ne, ya mutu a daji, aka kawo mata jakarsa da wayarsa. Wayar ta sha ruwa, batirin ya kumbura. Ta ce abokinsa ya gaya mata inda suke babu sabis, don haka kofur kan ɗauki muryarsa yana magana da ita da yara, ya ajiye sai ranar da zai samu hanyar turawa. Bai samu ba. Ita ba ta ji ko ɗaya ba.

Na cire batirin, na ba wayar wuta da wayoyin lantarki biyu. Ta kama. Na san irin wannan ba ta tashi sau biyu, sai na haɗa ta da babbar kwamfuta na kwashe komai. Allo ya nuna an gama. Ban cire hannu ba wayar ta yi zafi, ta yi wari, ta mutu. Na ce wa Rahila ta kwantar da hankalinta, muryar tana wajenmu.

Na danna don ta ji. Shiru. Na sake dannawa. Masu tura fim a gaba suka ce nasu ma ya tsaya. Fanka na juyawa, fitila na ci, amma ba abin da ke motsi.

Oga Sani ya miƙa hannu zai kashe ya kunna, yadda muka saba. Na riƙe hannunsa, na kira Injiniya.

"Baba Soja, kada kowa ya taɓa wutar nan," in ji shi.

Ya bayyana mini cewa in kwamfuta ta ce an gama, ba kullum ta gama ba. Takan riƙe kayan a ƙwaƙwalwar da ke rayuwa da wuta, sai layi ya zo kansu ta rubuta su a faifai, ma'ajiyarta ta dindindin. In wuta ta ɗauke kafin nan, sun tafi.

Ranar babu wutar gari. A kan janareto muke, kuma batirin da ke tare kwamfuta in wuta ta yanke ya daɗe da mutuwa. Mai ya yi ƙasa. Na zuba wa janareton fetur yana aiki, abin da nake hana kowa yi. Oga Sani ya tsaya nesa yana cewa zan ƙona masa shago, kwastomomi kuma suna ta watsewa zuwa shagon tsallake.

Injiniya ya sa na danna wasu maɓallai tare. Allo ya yi baƙi, farin rubutu ya cika shi. Turanci ba nawa ba ne, amma na san haruffa. Ina ɗaukar hoto ina tura masa, in sabis ya ƙi in karanta masa harafi harafi. Shi ma haka yake karanto mini abin da zan rubuta. Muka wuce azahar a haka.

Can ya ce ya gano matsalar. A cikin kwamfuta akwai abin da ke tsara layi, wa zai fara taɓa faifai, wa zai jira. Shi ya canza da ya zo, ya sa sabo mai fifita masu ɗiba a kan masu ajiya, don fim ya fita da sauri. Yanzu mai ajiya ya kulle ɗaki yana jiran a ba shi layi. Mai ɗiba yana gaban layi, yana jiran a buɗe ɗakin. Kowa na jiran ɗan'uwansa, kuma kwamfuta ba ta gajiya da jira.

Muka rubuta umarnin a dawo da tsohon mai tsara layin. Umarnin ma ya shiga layi ya tsaya. Muka sa kati don mu kwashe ta wata hanya, shi ma ya tsaya. Injiniya ya gwada abu uku ko huɗu, muryarsa na ta raguwa. Daga ƙarshe ya ce ya san ciwon, ya san maganin, amma maganin ba ya shiga sai an kashe an kunna.

Rahila na zaune a benci tun safe, ko ruwa ba ta sha ba. Na gaya mata yadda yake, ban rage komai ba.

"Baba, yanzu yana ciki?"

"Yana ciki, 'yata, muddin janareto na aiki."

"Amma ba zan ji shi ba."

"Ba za ki ji ba."

Ta matso ta ɗora tafin hannunta a jikin akwatin. Da ɗumi. Ta daɗe a haka. Sai ta ce yara na jiranta kuma hadari ya haɗo, in kashe.

Na kashe, na kunna. Muka dawo da tsohon tsarin, kwamfuta ta tashi lafiya. Fina-finan shago duk suna nan, ko ɗaya bai taɓu ba. Na buɗe wajen da na ajiye kayan kofur. Sunayen muryoyin da ya ɗauka suna jere, kowanne ba komai a cikinsa.

Ta karɓi matacciyar wayar, ta naɗe ta a bakin zane, ta hau mashin.

Abin da na koya kaɗan ne. Duk saurin da aka ƙara wa inji, wani aka tura baya a layi, kuma ba a sanin wane ne sai ranar da abin ya faru. Kuma ba na ce wa kowa kayansa na wajenmu sai na buɗe na ji da kunnena, na kuma ajiye a wuri biyu.

Injiniya bai ƙara zuwa Zuru ba, ta waya yake aiki. Oga Sani ya sayar da shagon. Ni ina nan a teburina na bakin ƙofa, ido ya fara rauni, ina gyaran wayoyin da zan iya gani.