Haƙoran Ƙanwata

Ni na koya wa ƙanwata shan zaƙi, kuma ba don ƙauna ba. Idan Inna ta tafi wankin goro a rumfar Baba, ni ake bar wa ita, ni kuwa hankalina yana tashar Agege. Leburori na sauke mazarƙwaila daga jirgin ƙasan Kano, mu yara muna tsince ɓarɓashi. Sai in cusa mata guntu a baki, in ce, "Kika faɗa wa Inna, jirgi zai biyo ki har ɗaki."

Inna kuwa ta hana zaƙi a gidanmu. Kunun gero da gwanda take ba ƙanwata, tana cewa, "Sha wannan, auta, zaƙi tsutsa yake sa wa haƙori."

Damina biyu ina wannan aika-aika. Yarinya ta daina cin tuwo, kumatunta suka kumbura kamar ta ɓoye kabewa. Ranar farko kaɗai na yi dariya.

Da wanzami ya zo da awartaki, Inna ta tambaye ta wa ke ba ta zaƙi. Ƙanwata ta dube ni, ta kawar da kai. Ni aka sa na danne mata ƙafafu.

Haƙora uku ya cire. Biyu sun sake fitowa, na ukun bai dawo ba. Har yau da gefe ɗaya take tauna, kuma ba ta tona ni ba.