Tafarnuwar Gwaggo

Jiya maƙwabciyata ta daka tafarnuwa, warin ya tsallako katanga, sai haushin Gwaggo, yayar babanmu, ya dawo mini sabo.

Shekarar da fari ya cinye shanunmu a Kurawa, saniya ɗaya ta rage. Man da ake samu in an kaɗa nononta bai fi ƙwan zabo ba. Muna tsaye muna haɗiyar yawu, Gwaggo ta daka tafarnuwa cike da tafi, ta haɗa da ganyen ɗaɗɗoya, ta cuɗa man har ya koma kore.

"Gwaggo, kin ɓata shi," na ce, ina hawaye.

"Za ni ƙarawa ma," in ji ta. "In ya yi daɗi ku lashe shi yau, gobe ku ci mi?"

Da kan yatsa take lakuta wa kowa a tuwon dusa. Yana ƙona harshe, muna wari har makaranta, amma tuwon yana wucewa. Ƙanena da ya daina cin abinci, da man nan ya koma ci.

Har ta rasu ba ta yarda tafarnuwar ta yi yawa ba. Ta yi yawa, Gwaggo. Allah ya yafe miki, ya sanyaya makwancinki.