Ranar da Ta Gaishe da Murhu

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina koyarwa a Jimeta, ba zan manta ranar da wata ɗalibata ta durƙusa ta gaishe da murhun da babu kowa a wajensa ba.

Lokacin ne mutane suke ta kwararowa Yola daga wajen Mubi da Michika, suna gudun 'yan bindiga, har makarantarmu ta firamare a Rumde ta cika maƙil. Cikin waɗanda aka kawo ajina akwai wata 'yar yarinya wadda ƙwaƙwalwarta ba ta riƙe abu da sauri. Abin da na koya mata da safe, kafin azahar ya zube. Amma fara'a kam Allah ya ba ta, ko akuya ce ta gitta sai ta gaishe ta.

Sun ɗan zauna a sansanin Damare kafin wani ɗan'uwansu ya ba su ɗaki a unguwarmu. Kullum uwar ce ke kawo ta, ita ke ɗaukar ta. Wata rana ta tsaya a bakin ajina tana murza gefen mayafinta.

"Malama, na samu aikin wanki a Yola Gari, ƙarshen wata zan fara. Ba mai ɗaukan shi. Gara ya zauna gida, in kulle ƙofa."

Na ce, "Mama, gidan ai ba nisa. Za ta koyi hanya."

Ta girgiza kai. "Ranan da muka gudu ya ɓace mini a daji. Sai bayan kwanaki aka samu shi a gindin itace, yana jira na. Ba zan sake ba."

Jikina ya yi sanyi. Amma tunanin a kulle yarinyar nan a ɗaki wuni guda ya tsaya mini a rai, sai na roƙe ta ta ba ni zuwa ƙarshen watan.

Ban fara daga ƙofar makaranta ba, daga ƙarshe na fara. Uwata na tuna a Numan, yadda takan gama daka tukuna ta miƙo mini taɓarya in yi bugun ƙarshe, in tafi ina cika baki wai ni na daka. To haka na yi. In an tashi sai in riƙe hannunta har bakin zaurensu, in sake ta ta shiga da kanta, in yaba mata nan take. Da ta saba, sai na riƙa sakin ta daga gindin mangwaro, bayan nan daga wajen famfo. Kowane wuri sai ta taɓa shi ta faɗi sunansa, maganar jiya ita ce ta yau, ba na canza ko kalma. Ba na ƙara nisa sai ta yi na baya ba tare da ta waiwayo ni ba. Malamai 'yan'uwana har tsokana ta suke yi, wai na bar koyarwa na koma 'yar rakiya.

Wuri ɗaya ne ke ba ni tsoro, wata kwana da in ba ta juya ba, sai babban titi. A nan wata tsohuwa ke tuyar awara, yarinyar kuwa ta mayar da gaishe ta alamar juyawa.

Ranar gwaji uwar ta yarda ta zauna a ɗaki, ni kuma na biyo daga nesa ina laɓewa. Muna isa kwanar, gabana ya faɗi: tsohuwar ba ta fito ba, ashe suna ta tafi. Yarinyar ta tsaya cak. Ta duba nan, ta duba can, ta ɗan taka wajen titi inda motoci ke wucewa. Wallahi takalmina har na cire don in ruga, amma na cije na tsaya. Can sai ta sunkuyar da kai, ta ga baƙaƙen duwatsun murhu da toka. Ta dawo, ta durƙusa.

"Goggo, sannu da aiki."

Ta miƙe, ta juya hanyar gida.

Famfo, mangwaro, zaure, duk ta taɓa su. Daga bayan katanga na ji ta ce, "Dada, na zo." Sai kukan uwar. Ni ma hawaye suka kece mini, ban ankara ba ta leƙo ta gan ni tsaye da takalmi a hannu.

"Malama, kin ɓata ne? Zo in kai ki."

Ba a kulle ta ba. Ta ci gaba da zuwa makaranta, yau kuma ta zama budurwa, ita ke raka ƙananan yaran layinsu, tana sa su taɓa mangwaro.

Ita ta koya mini cewa irin waɗannan yara suna koyo, in dai an gutsura musu abin kaɗan-kaɗan, an fara daga inda za su ci nasara. Abin da ya fi wuya ba riƙe hannun yaro ba ne, sakin sa ne ka tsaya kana kallo.