Ledar Suruki a Bakin Tanki

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba na jin zan manta ranar da injin jirgin taubashina ya mutu da mu sau uku a tsakiyar tabki.

Mu dai mutanen Kurfai ba mu san ruwa ba sai na rijiya. Amma damunar bara waccan ruwa ya cika kwarin da ke tsakanin ƙauyenmu da hanyar Damana, ya zama tabki, amalanken jaki ma ba ya ratsawa. Taubashina, wanda ya yi shekaru yana aikin jirgi a Kwatano, ya dawo da wani tsohon inji, ya sa kafinta ya haɗa masa kwalekwale. Surukinsa kuwa, wani dattijo mai kaifin baki, ya bi gari yana cewa yaron ya bar shanun noma ya sayo ƙarfe mai tari.

Sai ga shi an yi wa dattijon jika a ƙetare, kuma shi zai kai ragon suna da safe kafin malamai su watse. Ba wata hanya sai jirgin da ya raina. Taubashina ya ga ranar wanke kansa ta zo, ya ɗauke ni in riƙa kwashe ruwa. Muka shiga mu uku da rago, tsoho ya zauna kusa da jan tankin mai, yana toshe hanci.

Mun fara tafiya kamar abin arziki, har taubashina yana gyara hula. Can sai inji ya soma shaƙewa, ƙarfinsa ya ragu, ya yi tari ya yi shiru. Tsoho ya ce, "Uhm." Wallahi gara zagi da wannan uhm ɗin.

Taubashina ya ɗaga farfela ko ciyawa ta naɗe, babu. Ya kwance buji, wato fulogin inji, ya goge a rigarsa ta sallah. Ya buɗe tanki a gigice, ya ji fuu, ya leƙa ya ga mai cike, ya mayar da murfi. Ja ɗaya inji ya tashi. Ya dube ni ya ce, "Buji ne, na sani." Ba mu yi nisa ba ya sake mutuwa. Aka sake goge buji, aka sake leƙa mai, ya tashi. Rana tana ɗagawa, rago yana kuka, gumi yana zuba a wuyan taubashina.

A karo na uku ne, bayan ya sake mutuwa an tayar da shi, na juya zan zubar da ruwa, sai na ga tsoho ya sunkuya a natse. Ya zare murfin tanki, ya ɓamɓaro wata baƙar leda da ta manne a cikin murfin, wadda taubashina bai lura da ita ba, ya gyara ta a bakin, ya mayar ya murɗe tam, har 'yar ƙusar da ke saman murfin ya ɗaure da ƙarfinsa. Haka kowa ke yi wa bidon ruwa, wato jarka, a garinmu kada ya zube a amalanke. Ashe wannan 'yar ƙusar ƙofar iska ce, idan ta toshe mai ba ya zuwa ga inji. Gefen tankin har ya lotsa ciki.

Na zunguri taubashina da ƙafa. Ya gani, idonsa ya yi waje. Amma yaya za a yi mutum ya dubi uban matarsa ya ce kai ne ka kashe mini inji? Ko sunansa ba ya iya faɗa. Ni kuwa daɗi ya kashe ni. Na raɗa masa, "To gwanin Kwatano, gaya mishi mana."

Ya ce, "Don Allah ka ruhwa min asiri."

Na bar shi ya ɗan dahu tukuna, sannan na ce da ƙarfi, "Baba, na gane abin da ka damun jirgin ga. Can bakin teku babba shi ka zama gaba. Mun aje ka baya kamar kaya, shi ya sa ya ƙi tahiya."

Tsoho ya gyara rawani ya ce, "Ai tun ɗazu ni ga kun yi rashin hankali, na dai ƙyale ku."

Ya rarrafa gaba da ragonsa, ya miƙa sanda yana nuna mana hanyar da shi ma bai sani ba. Taubashina ya zare ledar a ɓoye ya jefa ƙasan jirgi, ya sassauta ƙusa. Inji bai ƙara ko tari ba, muka iske malamai ba su tashi ba.

Da muka sauka, tsoho ya shaida wa jama'a cewa ba don shi ba da yaran nan sun kwana a ruwa. Sannan ya tsinci ledarsa ya miƙa wa taubashina. "Amshi, ka riƙa ɗaure bakin abin ga. Ɓarnar mai ta yi maka yawa." Taubashina ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ce ya gode. Ni dariya ta sa sai da na ɓuya bayan rago.

Tun ranar na koyi cewa idan inji ya ƙi tafiya, kafin ka kwance shi, duba wanda ke taimakonka. Idan kuma ya girme ka, kada ka gyara masa, ƙara masa girma kawai ya matsa gaba.