Ranar da Baba Ya Ja Kujerarsa Kusa da Lasifika

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da Baba, ana ɗan yayyafi. Tafiyar asibiti ce. Baba ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a masaƙa a Kakuri, cikin ƙarar injuna, yanzu da girma ya zo kunnuwan sun ce sun gaji. Tun bara ya daina fita majalisar ƙofar gida, don ya gaji da yin dariya bayan kowa ya gama tasa. Mutumin da a da in ya ɗauko labari sai an roƙe shi ya bari a ci abinci, yanzu ko jikoki suka zo sai ya shafa kansu ya koma ɗaki. Burina ɗaya ne, ya yarda a saka masa na'urar ji. Shi kuwa motar ma da ƙyar ya shiga.

Ku da kuke bibiyata kun san cutar da ta kama ni a watannin nan, wato kiɗan da ake kira indi rok. Matasa ne ke haɗuwa da jita da ganguna, babu kamfani a bayansu, su rubuta waƙarsu, su ɗauka a ɗaki, su sake ta a intanet. Na ɗauka sai a ƙasashen Turawa ake yi, har ranar da na ci karo da wasu su huɗu, ashe a Unguwar Boro suke, nan Kaduna. Waƙarsu ɗaya na yi mako ina maimaitawa har maƙwabciyata ta haddace. Na yi wa mai rera waƙar saƙo, ta ce duk ranar da na shigo gari in leƙo wurin gwajinsu.

Hanya ta yi kyau da damina. Masara ta kai kafaɗa, hazo na kwance a kan gonaki, ni kuma na toshe kunne da waƙar yaran ina kallon bishiyoyi na wucewa a hankali, har na rasa ko barci nake ko ido biyu. Kuɗin mota kam ya farkar da ni tun a tasha, ya kusa ninka na bara. Baba na gidan gaba, direba na ta zuba masa bayanin tsadar mai tun daga Jaji har Kawo, shi kuma yana gyaɗa kai. Da za mu sauka direban ya ce da ni, "Hajiya, mahaifin nan naki akwai fahimta." Ban gyara masa ba.

A keke mai ƙafa uku muka tsallaka gadar kogin Kaduna. Kogin ya cika ya yi jajir, ciyayi na bin ruwa suna juyi. Muna gangarawa kudu Baba ya gyara zama. Na roƙi mai keken ya bi da mu ta Kakuri, muka wuce dogayen katangun masaƙun da aka rufe, ciyawa ta cinye ƙofofi, wata bishiya ma ta fasa rufi ta fito. Baba ya nuna wata ƙofa da yatsa, ya nuna ƙirjinsa. Na gane a nan ya yi aiki.

A asibiti wata likita mai haƙuri ta zaunar da shi a ƙaramin ɗaki, ta sa masa abin sauraro, ta nuna masa ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Ina tsaye ta bayan gilashi ina kallon hannun nan a kan gwiwarsa. Ya daɗe bai motsa ba. Can sai ya ɗaga, ya sake ɗagawa, shi ke nan. Likita ta ce siraran sautuka sun tafi, amma masu kauri suna nan, musamman a kunnen hagu, kuma na'ura za ta taimaka masa da muryoyin mutane in har shi da kansa yana so. Na rubuta masa a waya da manyan baƙaƙe, don haka muke hira yanzu. Ya karanta, ya gyara hularsa.

"Likita, na gode, Allah ya yi albarka," ya ce. "Abin da zan ji a duniya na riga na ji. Saura hayaniya ce."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har idona ya ciko. Muka fito ba mai kallon wani. A Sabon Tasha muka yi azahar, muka samu wata mata 'yar Filato mai sayar da gwaten acca da yakuwa, da zafinsa, ta cika mana kwano har da gyara. Baba ya cinye nasa tas, ni kuwa fushi ya hana ni jin daɗin nawa. Na ce a raina tunda ranar ta lalace, bari in tsira da nawa rabon. Na rubuta masa cewa zan biya in gai da wasu yara masu kiɗa. Ya ce, "Ke da kiɗe-kiɗenki. Mu je."

Unguwar Boro shiru take da rana. Jar ƙasa, ruwa kwance a kan hanya, gidajen da ba a ƙarasa ba an shuka masara a cikinsu. Can nesa ta wajen Rido ana hango dogayen bututun matatar mai, hadari ya rufe rabinsu. Ba mu sha wahalar kwatance ba, kiɗan ne ya jawo mu tun daga kwana. A ƙofar gidan Baba ya ɗan tsaya yana kallon ƙasa, na ɗauka taɓo yake gudu.

Garejin mota ne suka liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai da tsofaffin katifu. Suna ganin dattijo da farar riga da furfura, kowa ya ajiye abin hannunsa, suka durƙusa suna "Sannu da zuwa, Baba." Suka ɗauko kujera ɗaya tilo mai majingina suka ajiye masa a bakin ƙofa, nesa da lasifikoki. Na ga masu jita biyun suna murɗa maɓallai ƙasa, mai ganga ya shimfiɗa tawul a kan gangarsa. Mai waƙar, siririyar yarinya riƙe da jitar bes, babbar jita mai kaurin sauti da ta kusa tsawonta, ta yi mini murmushi, suka fara.

A hankali suka yi ta, kuma ta yi mini daɗi. Jita ɗaya na ɗiga kamar ruwan indararo bayan an ɗauke, ɗayar na shimfiɗe a ƙarƙashinta, muryar yarinyar na shiga tsakani da Hausa da Turanci, tana waƙar wani gida da aka tashi aka bar fitila a kunne. Na lumshe ido. Ina cikin wannan sai muryar Baba ta fasa ɗakin, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"An ɗauke wuta ne? Ɗazu a ƙofa na ji su."

Suka tsaya cak. Ni kuwa har na manta rabon da in ji Baba ya ce ya ji wani abu.

"Anti, saboda Baba ne muka rage," in ji yarinyar. "Kar mu dame shi."

"Ku mayar yadda yake," na ce. "Ku ƙara ma, iya ƙarfinsa."

Mai ganga ya sosa ƙeya. "Anti, kin tabbata? Ko mamana in mun fara, gidan ƙawarta take tafiya."

Ya cire tawul ɗin. Bugun farko sai da kwalayen bango suka girgiza, na ji shi har cikin haƙorana. Baba ya miƙe, ya ja kujerarsa da kansa har gaban babbar lasifikar, ya tuɓe takalma, ya kafa tafin ƙafarsa a siminti, ya ɗora hannu a jikin akwatin, ya karkato kunnen hagu. Ya rufe ido. Ƙura na rawa a cikin hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa, jitocin na hawa suna sauka, ɗakin gaba ɗaya kamar yana tafiya da mu a kan ruwa. Na duba ƙasa na ga babban yatsan ƙafar Baba na bugawa daidai da ganga, ko sau ɗaya bai kuskure ba. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Kuka nake yi, ba kuma wanda ya ji ni.

Da suka tsaya ya buɗe ido ya ce, "Haka ɗakin saƙa yake da safe in an tayar da injuna duka. Sai dai naku ya fi daɗi." Daga nan ya ɗauko musu labarin yadda suke magana da hannu a cikin ƙara, yana nunawa suna kwaikwayo suna dariya. Mahaifiyar mai ganga, wadda yau ba ta gudu gidan ƙawarta ba, ta kawo dafaffiyar gyaɗa ta zauna ita ma. Sai da na nuna masa agogo sau biyu kafin ya sa takalmi.

A dawowa kujerar baya muka samu tare. Rana ta yi sanyi a kan gonaki, gwangwanin gasa masara na hayaƙi a bakin hanya, muna wuce Birnin Yero ya juyo gare ni.

"Yarinyar nan mai babbar jita," ya ce, "na ga bakinta na motsi, har jijiyar wuyanta ta tashi. Me take cewa?"

Na ɗauko waya na fara rubutawa. Ya ɗora hannunsa a kan nawa.

"Bari. Ki tambayi likitar nan yaushe za mu koma. Ni zan ji da kaina."

Mun iso gida ana kiran magariba. Abin da na dawo da shi daga tafiyar nan shi ne, abin da yaran can suka yi na ɗan lokaci, mu mun shekara muna yi a gida. Muna rage murya in ya shigo, muna hana yara surutu kusa da shi, muna cewa a bar Baba ya huta, duka da sunan girmamawa, ashe shi kaɗai muka bari. Da safe na kira asibitin. Na kuma ce wa jikokin duk mai son ihu ya je ɗakin kakansa ya yi, ta kunnen hagu.