Kifin Irin Cindo

A wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Gagarawa an yi wani mutum mai suna Cindo, wanda aka haifa da yatsu shida a hannun hagu. Manomi ne kamar kowa, sai dai shi ke riƙe da tafkin garin, Tafkin Marke, wanda ya gada daga ubansa.

Ƙasar nan ba kogi. Tafkin yakan cika da damina, ya kai tsakiyar rani, sannan ya ƙafe har ƙasarsa ta tsage. Amma duk shekara ana su, wato kamun kifi na gayya, a cikinsa, har mutanen wajen Maigatari sukan zo da homarsu. Asirin kuwa wani rami ne mai zurfi da kakan Cindo ya haƙa a gindin marken, wanda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasansa. Ranar su, kafin kowa ya shiga ruwa, Cindo yakan zaɓi manyan tarwaɗa, maza da mata, ya zuba a ramin, ya rufe da itace da zana. Nan za su yi rani yana jefa musu dusa. In ruwan sama ya sauka sai ya mayar da su tafki su hayayyafa. Su ake kira kifin iri. Ranar da ubansa ya damƙa masa ramin, magana ɗaya ya yi masa: ba a cin kifin iri, ko wa ya roƙa.

Taubashinsa Dogo ba ya wucewa ta nan bai tsokane shi ba.

"Cindo, matanka na rami sun tashi lafiya? Ka kai musu kumallo?"

"Sun tashi. Sun ce in gaishe ka, in tambaye ka ko wuyanka ya daina tsawo."

"Wallahi Rakiyya na da haƙuri. Mutum ya fi sanin cikin kifi a kan cikin iyalinsa!"

Rakiyya matarsa ce. Tagwaye ta taɓa haifa masa, Hassana ta koma tun a zanen goyo, aka bar su da Husainatu. Yarinyar ta taso da son kifi. Ranar su ita ce ke fara miƙa akushi, kuma sai ta tsotse ƙaya tas kafin ta yar.

Tana da shekara bakwai aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba. Daminar shekarar ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba, tafkin kuwa ko idon sawu bai kai ba. Cindo bai saki kifin ba, don ya san cikin taɓo za su mutu. Ya bar su a rami, su tara. Da ruwan ramin ya ja baya, sai ya riƙa ɗauko tulu biyu daga rijiyar gari kullum yana ƙara musu.

Kafin bazara rumbuna sun zama wayam. Mutane suka koma tonon gidan tururuwa neman hatsi, da jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci don su ci. Aka tone busasshiyar lakar tafkin kaf ana neman gaiwa, kifin nan da ke binne kansa a ƙasa da rani, har ba ta saura. Daga nan idanu suka koma gindin marke.

Dogo ne ya fara zuwa, ba wasa a bakinsa.

"Ɗaya kawai, Cindo. Ƙaramin ɗana ba ya iya tashi."

"In na ba ka ɗaya, me zan ce wa na bayanka? Kafin azahar ramin ya ƙare. Ruwa ya zo, tafki ya cika, ba kifi har abada."

"Har abada ɗin nan, su wa za su gan shi?"

Cindo ya sunkuyar da kai. Dogo ya tafi bai yi sallama ba. Haka ya mayar da mutum huɗu a mako guda, kowanne yana ba shi haƙuri.

Sai Husainatu ta kwanta. Anza ta ɓata mata ciki, ƙafafunta suka kumbura, duk abin da aka ba ta sai ya dawo. Wata safiya Rakiyya ta tare shi a bakin ƙofa, tulu a kafaɗarsa.

"Malam, romon kifi take kira tun jiya."

"Na ji ta."

"Ka ji ta, kuma ruwa za ka kai musu?"

"Rakiyya, na hana ɗan Dogo. Da wane ido zan ɗauko wa tawa? Dubi gabas, hadari ya fara haɗuwa. Kwana kaɗan ne."

Goggo, ƙanwar ubansa da ke zaune a gidan, ta ɗago daga tabarma ta ce, "Ɗan nan, wanda ya kafa maka dokar yayana ne, na fi ka saninsa. Bai taɓa ganin shekara irin wannan ba."

Ya fita da tulunsa. Hadarin ya watse da la'asar. Washegari ma haka.

A kwana na biyar ya leƙa ɗaki da hantsi. Yarinyar ta kama ƙaramin yatsansa na shida, yadda ta saba tun tana rarrafe, ta ce, "Baba, ko kan kifin ma ya isa."

Ya zare hannunsa, ya ɗauki homa da ƙwarya, ya nufi tafki da gudu. Ya yaye zana, ya sauka. Kifin sun shige laka, sai da ya daɗe yana lalube kafin ya kamo babbar cikinsu. Ya hau, ya bi ta tsakiyar gari da ita a fili, bai damu da wanda zai gani ba.

Tun daga bakin zaure ya ji kukan Rakiyya, Husainatu ta rasu. Ya tsaya a tsakar gida, laka har ƙugu, tarwaɗar tana bugun ƙwarya da wutsiya. Da aka jima Goggo ta fito, ta dubi ƙwaryar, ta ce, "Tarwaɗar na da rai. Ko dai ka mayar, ko ka kai gidan Dogo."

Gidan Dogo ya kai. Ɗan ya sha romon, ya rayu. Bayan kwana goma sha ɗaya ruwa ya sauka, tafkin ya cika, Cindo ya saki takwas ɗin da suka rage. Da shekara ta zagayo aka yi su, aka cika kwanduna, mutane suna ta sa masa albarka, suna cewa ba don shi ba da tafkin ya mutu. Ya tsaya a gindin marke har aka watse. Rabonsa da aka kai gida, Rakiyya ta ba wa maƙwabta. Daga ranar ba a ƙara dafa kifi a gidan ba, kuma ba su taɓa zama sun yi maganar ba.

Ya ci gaba da riƙon ramin shekara goma sha biyu. A bazararsa ta ƙarshe, ya tsufa, wani baƙo mai suna Rabe ya zo daga wajen Sule Tankarkar, ya durƙusa yana kame-kame, wai 'yarsa ce ba lafiya, ta ƙi cin komai. Bai kai ƙarshen maganar ba Cindo ya yaye zana ya sauka. Ya fito da tarwaɗa ya sa masa a ƙwarya.

"Baba, an ce mini kifin iri ne, ba a..."

"Shi ne. Shekararta nawa?"

"Shida."

"To me kake jira? Tashi ka yi sauri."

Rabe ya tafi. Cindo ya mayar da zanar, ya zauna a bakin ramin yana murza ƙaramin yatsan nan, har inuwar marken ta bar kansa.